Neman Shawara: In Jira Aikin Gwamnati Ko In Sayi Injin Casar Shinkafa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, na shiga N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, ina karɓar dubu 30 a wata har aka sallame mu a 2020. Yanzu an raba mana gado, kasona zai sayi ƙaramin injin casar shinkafa a Kura ta jihar Kano. Yayana ya ce kar in kuskura, in riƙe kuɗin, akwai mai samo min takardar ɗaukar aiki a wata ma'aikatar tarayya in na ba shi na goro. Hujjarsa wai gwamnati ce mai samar da aiki, kasuwa kuwa ba ta da tabbas. Ina zan nufa?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kaduna: Wa alaikumus salam ɗana. Fara cire maganar sayen aiki daga ranka, cin hanci ne, kuma da yawa takardun na bogi ne. Sauran maganar kuwa a jikina na gan ta. Gwamnatin Sardauna ce ta haɗa hannu da Turawan Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya. In aka tashi daga aiki, titi ba masaka tsinke: masu tuwo, masu gyaran keke, masu gidan haya, kowa a jikinmu yake ci. Da wuta ta lalace, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, ɗaya bayan ɗaya aka sa kwaɗo. Kamfani ne ya ba mu aiki, sakacin hukuma ya raba mu da shi.

Wata malamar makaranta: Baba, a yi haƙuri, kada a zuga yaro ya zuba gadonsa wuri ɗaya. Lokacin da aka rufe iyakoki a 2019 kowa ya ruga ya kafa inji. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa, masu inji suka shiga kuka. Sa hannun mutum ɗaya a Abuja ya isa ya juya maka kasuwa. Albashi dai ko ba yawa ana sa ran sa ƙarshen wata, duk da dubu 70 ɗin mafi ƙarancin albashi ba ta riƙe gida.

Mai inji a Kura: Malama ta faɗi gaskiya, amma ɗan'uwa zo ka ga wani abu. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake, wadda aka gina zamanin Audu Bako. Da ba a kashe kuɗin gwamnati an yi ta ba, an ja magudanai zuwa Kadawa, Kura da Bunkure, da ba mu da labari. To amma matan da ke turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, yaran da ke shanya ta a bakin titi, 'yan dako, masu ɗinkin buhu, har masu kwasar ɓuntu, ba wanda ke jiran albashi daga sakatariya. Mu muke sallamarsu kullum da yamma. Ka gaya wa Yaya, ruwa, hanya da wuta muke nema wajen gwamnati, ɗaukar ma'aikata mun iya.

Sai dai kada ka sayi inji bana. Zauna wajen mai inji kaka guda, ka koyi gane shanshera mai danshi, ka ga abin da gas ke ci idan an ɗauke wuta, don nan ribar ke zurarewa. Wanda ya ƙarar da jarinsa a ƙarfe, bai bar na sayen shanshera ba, sai dai ya zauna jiran masu kawo casa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji, in zan zo koyo, lokacin girbin damina ya fi ko na rani?

Mai inji a Kura: Zo na damina, daga Oktoba. Lokacin kaya ke sauka da yawa, za ka ga yadda ake yanka farashi.