Musayar waƙa kan zanen Kamala Ishaq ta Sudan

Uwar Biyu:
Na ga hoton zanenta na 2019, Bait al-Mal, sunan unguwarsu a Omdurman. Bismillah:

Kamala ta Omdurman ta yi zane,
Mata da itatuwa duk a zaune,
Saiwa ta ratsa ƙasa, tushe ɗaya ne,
Kaka da jika reshen juna ne.

Ɗan Zariya:
Fuskokin da take zanawa a murɗe,
Ido a karkace, baki a buɗe,
Taron zar ne, bori, kowa a ruɗe,
Tabarmar yabonki, Hajiya, naɗe.

Uwar Biyu:
Ƙanena, ka ga fuskar mai naƙuda?
Ko ta mai takaba, ga yara, ba gida?
Ita ta gani ta zana, ba ta shafa musu hoda,
Kai ka saba da kwalliyar kan takarda.

Jikan Gobir:
Hajiya ta gama da shi! Ɗan Zariya, a nemi ruwa a sha.

Malam Na Gusau:
Ma'ana ta fita, Hajiya, amma ɗango na uku ɗingishi yake. Gaɓoɓinsa sun fi na sauran, kari ya karye. A cire "musu".

Jikan Gobir:
Malam, na Ɗan Zariya ma bai tsira ba, ka yi shiru don ɗalibinka ne.

'Yar Kasala:
Ku dakata. Mu nan Sudan "zar bori" ma ake cewa, kuma mata ne ke riƙe da shi, shi ya sa Kamala ta zauna ta nazarce shi. An haife ta 1939, ta yi karatu a Khartum da Landan. Bayan kisan masu zaman dirshan a Khartum ran 3 ga Yunin 2019, ta yi musu zane. Malam, ga naka:

An kashe matasa an zuba su a ruwa,
Nilu ya tafi da su, ya bar uwa da kewa,
Kamala ta zana su cikin ganye suna tsirowa,
Wa ke ƙirga gaɓa a gidan makoki, ɗan'uwa?

Malam Na Gusau:
Allah ya jiƙansu, ya ba iyaye haƙuri,
Amma marsiyya ma tana son kari,
Mai zanen da kike kārewa da tsari
Ta koyi aikinta, ba ta yi shi da gaggawa ba.

Ɗan Zariya:
Malam, ina amsa-amon ɗangon ƙarshe?

Uwar Biyu:
Ba zan cire "musu" ba. Matan nan su ne maganar.