Neman kalmar Hausa: me za mu kira stent?

Likitan zuciya: Assalamu alaikum. Muna buƙatar kalma ɗaya da za mu tsaya a kanta wajen kiran stent, abin da ake sawa a jijiyar jinin zuciya idan ta tsuke. Marasa lafiya suna cewa "an sa mini bututu", wasu su ce "ƙarfe a zuciya", kuma duk biyun suna ɓatar da mutum. Ga yadda abin yake: raga ce ta siririn ƙarfe da aka naɗe, faɗinta milimita 2 zuwa 5, tsawonta daga milimita 8 zuwa wajen 38. Ana zura siririn tiyo ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, a bi da waya har a wuce inda kitse ya tsuke jijiyar da ke shayar da zuciya, sai a hura balan-balan ɗin da ragar ke kansa. Ragar ta buɗe ta manne da bango, a sace iskar, a janye komai a bar ta. A cikin jijiyar da ke kwance a jikin zuciya ta waje take zama, kuma ba a sake fitar da ita.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Likita. Idan aikinta hana bango rufowa ne, ai muna da "tokara". Katangar da ta karkata tokare ta ake yi. Na so in ce "tanka", amma tanka ɗaure danga take yi, wannan kuwa turawa take daga ciki. Ina ba da "matokarin jijiya".

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ma'anar ta fita, sai dai wanda ya ji matokari zai ɗauka sanda ce a gicciye, ya tambaya ta ina jini zai bi. "Raga" na nuna akwai hanya a tsakiya. Kuma a riƙa cewa jijiyar jini, tunda jijiya a Hausa ta haɗa har da agara da jijiyar ji.

Mai harhaɗa magunguna: Ina bayan raga, don tana ba mu damar raba iri biyu. A 1977 likita Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan kawai a Zurik ta Suwizalan, amma kusan kashi ɗaya cikin uku sukan sake tsukewa. A 1986 aka fara sa raga a Tulus ta Faransa da Lozan ta Suwizalan. Abin ya ragu bai ƙare ba, domin bangon da aka ji wa rauni yakan yi tsiro ya cika cikin ragar kamar tabo. Sai aka shafa mata maganin da ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa. Ragar Cypher mai maganin sirolimus ta samu izini a Amurka a 2003, ragar Taxus mai maganin paclitaxel ta biyo a 2004. Paclitaxel ɗin nan shi ne dai wanda ake ba masu sankarar mama da ta ƙwan mace ta ƙarin ruwa, maganin everolimus da ke kan ragogi da yawa na yanzu ma ana maganin sankarar ƙoda da shi. Ɗan kaɗan ake shafawa, ba ya zubar da gashi. Sake tsukewa ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. To mu ce "raga zalla" da "raga mai magani".

Likitan zuciya: Madalla. Amma akwai matsaloli biyu da dole kowace ta samu sunanta, don ana cakuɗa su. "Sake tsukewa" a hankali yake zuwa, cikin watanni, mutum ya fara jin ƙirji na matse shi in ya yi tafiya. "Toshewar raga" kuwa gudan jini ne ke daskarewa a kan ƙarfen farat ɗaya, ya jawo bugun zuciya, kuma yana kisa. Ya fi aukuwa a kwana 30 na farko. Ko dai ragar ba ta buɗe sosai ba saboda bangon ya yi tauri, ko ba ta manne ba, ko kuma, wanda ya fi ciwo, an daina shan maganin hana jini daskarewa. Maganin da ke hana tsiro yana jinkirta fatar da za ta lulluɓe ƙarfen, shi ya sa, don hana jini daskarewa, ake haɗa asfirin da clopidogrel miligiram 75 kullum, ko ticagrelor miligiram 90 safe da yamma, yawanci wata 6, bayan bugun zuciya kuwa wata 12. Ko cire haƙori za a yi, kada a tsayar sai likitan zuciya ya ce. A guji ibuprofen da diclofenac, suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, akwai ragar da ake ɗinkawa a aikin gwaiwa. Kada a ruɗe.

Malamin Hausa: To Sista, a rubutu mu haɗa biyun: "ragar tokare jijiyar jini". A baki, gaban marar lafiya, "ragar jijiya" ta isa.

Mai harhaɗa magunguna: Na yarda. Saura wadda aka ƙera don ta narke da kanta, irin Absorb da aka daina sayarwa a 2017 bayan an ga ta fi saurin toshewa. Ana ci gaba da gwada wasu, kuma "raga mai narkewa" za ta yi musu.