Wanga tsinken da ke bayan gyare, mi za mu ce mashi da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, yau kam taimako nike nema, musamman ga malamman Hausa da manoman fadama da duk wanda ya tashi yana tonon tsanya lokacin ƙuruciya.

Ina koyar da darasin halittu a wata sakandare nan cikin Sakkwato. Satin da ya wuce munka kai ga ƙwari, sai na ce ma yara kowa shi zo da abin da ya kama cikin kwalba, kar a kashe, a huda marfin. Damina ce ba wata wahala, ka tsaya ƙarƙashin ƙwan lantarki bayan isha'i su da kansu za su taho. Ranar Talata sai ga kwalabe cike da teburi, fara da kyankyaso da buzuzu, da gyare iri-iri. Wata yarinya ta kawo gyare baƙi mai sheƙi, mai ɗigo biyu ruwan ɗorawa daidai gindin fiffike, irin wanda masana ke kira Gryllus bimaculatus, lafiyayye, amma ta sa reza ta yanke mashi tsinken baya. Na ce don mi, tac ce wai ƙari ne kamar na kunama, yayanta yac ce in ya harbe ta hannu zai kumbura. Wallahi abin ya tsaya mani a rai. Gyare bai harbi. Mace ce ta kawo, kuma wanga tsinke da shi take soka ƙasa mai danshi ta zuba ƙwai, ƙwai ƙanana farare masu kama da ƙwayar shinkafa sai dai sun fi ta ƙanƙanta. Littafinmu ovipositor ya rubuta, yara na ce mashi obifozita, su haddace su zuba a jarrabawa su ci maki, su fito waje su ga abin da idonsu su ce ƙari. Kalmar na gefe guda abin na gefe guda, ba su taɓa gamuwa cikin kan yaro ba.

To shi ne nike neman sunan Hausa, wanda in na faɗa yaro zai san aikin abin tun kafin in zana a allo.

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba su taɓa juya gyare sunka duba ba. In ka kama shi ka dubi ƙarshen cikinshi za ka ga silili biyu masu gashi-gashi, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanga mace da namiji duk suna da su, da su suke jin motsin iska, shi ya sa kafin hannunka shi kai ya riga ya yi tsalle. Mace kuma tana da na uku a tsakiya, ya fi tsawo ya fi ƙarfi, ba gashi. Biyu namiji, uku mace. Namiji shi ke kuka, kuma ba da baki ba, fiffikensa na sama yake ɗagawa shi goga ɗaya bisa ɗaya, ƙarƙashin guda akwai jijiya mai haƙora jere, bakin ɗayan kuma yana da kaifi. Waɗanga ban sha wahala da su ba, na ce magagari da makankari, duk yaron da ya taɓa tsayawa gaban maƙeri ya gane nan take. Fiffiken namiji in ka haska da tocila za ka ga jijiyoyin sun karkace sun bar wata 'yar fata shimfiɗe, ita ke ƙara amon, na ce masu fatar kalangu, sunka yi dariya amma sun riƙe. Kunnensa kuwa ga ƙafar gaba yake, ƙasa da gwiwa kaɗan, wani ɗan tabo fari, dodon kunne muke da shi tuni ba sai an ƙirƙiro ba. Fara nata kunnen ga gefen ciki yake ƙarƙashin fiffike, ƙahonninta gajeru, na gyaren gida da na daji kuwa sirara ne su kai tsawon jiki ko su wuce, da wanga kaɗai yaro ya raba fara da gyare gida biyu.

Saura tsinken. Ga abin da ni na fara tunani: tsinken ƙwai, ko allurar ƙwai. Ku ba ni naku.

Ƙarin bayani, bayan la'asar:

Kai jama'a na gode, ban zaci abin zai ja haka ba. Bari in tattaro, don wasu amsoshin sun nutse ƙasa.

Wani dattijo baduku yac ce basilla, wai in dai tsinke ne mai ƙarfi da ke huda abu shi shige da wani abu to basilla ce, allura ta yi laushi. Baba ranka shi daɗe wallahi kalmar ta yi mani daɗi a baki, kuma ga gyaren gida, wanga mai ruwan ƙasa-ƙasa mai zane baƙi a goshi da ke kwana bayan randa, Acheta domesticus, basilla ce sak, har da ɗan kumburi a tsini. Na kusa in ce an gama. Abin da ya tsai da ni, ba gyaren gida kaɗai ke cikin kwalaben nan ba. Akwai koren nan mai kama da ganye mai dogayen ƙahonni, danginsu ne, nata abin faffaɗa ne a lanƙwashe kamar wuƙa ko takobi, ba ka ce mashi basilla. Tsanya kuma, babbar nan mai ƙaton kai da ke kai santimita 4 zuwa 5, mai gina rami cikin rairayi ta tara ƙasa a baki, Brachytrupes, nata gajere ne ƙwarai, sai ka duba da kyau, don ita cikin raminta take ƙwai ba ta bukatar dogon abu. Sai kuma wanga na fadama mai hannuwa kamar shebur, wanda masu shinkafa da albasa wajen Kwalkwalawa ke tonowa in suna gyaran kwami, Gryllotalpa, macen ba ta da tsinke a waje sam. Fara ma tana da abin, amma nata 'yan ƙaho huɗu ne gajeru masu tauri a ƙarshen ciki, ta buɗe ta rufe tana tona, ta tura cikin gaba ɗaya cikin ƙasa. Duk waɗanga a ilimi gaɓa ɗaya ce, suna ɗaya. In munka ce basilla mun ba da suna ga siffa, ranar da yaro ya ga wadda ba ta yi kama da basilla ba sai shi ce wani abu ne daban, mun koma gidan jiya.

Turawan ma sun faɗa wanga rami. Babban gidan da ya haɗa gyare da tsanya da koren ganye sun sa mashi Ensifera, ma'anarsa da Latin mai ɗauke da takobi, ga shi kuwa na fadama yana cikin gidan ba shi da ko tsinken sakace. Amma ita ovipositor ɗin da aiki anka raɗa ta, rabin farko ƙwai, rabi na biyu ajiyewa, shi ya sa ta shige ko'ina.

Wata Hajiya tac ce to a bi su mana, masakin ƙwai, tunda kaza saka ƙwai take. Hajiya hanyar daidai ce, amma masaki ƙwarya ce babba, in na rubuta masakin ƙwai a allo rabin aji za su ga ƙwarya cike da ƙwan zabi a kasuwa, sauran kuma da ba su sa ƙugiya ga ƙ za su karanta masaƙi mai saƙa. Wani yac ce mahaifa, a'a Malam, mahaifa ciki take, wanga waje yake, kuma za ta rikita mu in munka zo darasin dabbobi masu shayarwa. Masu cewa a bar shi obifozita kawai kamar yadda munka bar rediyo da kwamfuta, na ji ku, ni ma ban ƙi aro ba, eriya ma da yara ke ce ma ƙahonnin ban hana su ba. Amma rediyo baƙo ne ya zo da sunanshi. Wanga abu kuwa yana bayan randar kakanninmu tun kafin a gina ganuwar Sakkwato, kuma na gwada aron shekara da shekaru, ga sakamakon nan cikin kwalba an yanke da reza.

Wanda ya buɗe mani ido wani manomi ne daga wajen Wurno, yac ce Malam abin da ka kwatanta ai shuka ce, ta sari ƙasa bayan ruwa ta jefa iri ta matsa gaba ta sake sara, ka ce sungumi. Na tashi na je na duba kwalbar da na sa ma rairayi mai danshi a murfin galan, na zauna kusan rabin awa, sai ga wata ta hau, ta taɓa ƙasar da baki, ta ɗaga baya ta lanƙwasa tsinken ƙasa ta soka shi har gindi, ta tsaya shiru, ta zaro ta matsa kaɗan ta sake. Wallahi shuka ce. Sai dai Yaya sungumi rami kawai yake sara, mai binsa a baya shi ke jefa iri shi take da ƙafa, ita kuwa abu guda ke yin duka biyun, ƙwan ta cikinsa yake bi shi sauka. Kuma sungumi shi ma siffa gare shi, doguwar ƙota. Don haka na ɗauki shukar na bar sungumin: mashuki. Mashukin ƙwai.

Ginin kalmar namu ne, yadda munka samu mabuɗi daga buɗe, marufi daga rufe, magagarin nan ma haka. Wani malamin Hausa ya ja hankalina cewa mashuki na iya zama mutum mai shuka, kamar maɗinki, gaskiya ne Malam, a rubuce ɗaya suke, karin sauti ke raba su a baki, jam'i ma ya raba, mutane mashuka, kayan aiki mashukai kamar mabuɗai. In an ce mashukin ƙwai kuma ba wanda zai nemi mutum. Abin da ya fi burge ni, basillar Baba ba ta ɓata ba, ta koma wurin da ta fi amfani, wurin rarrabe iri: gyare mashukinsa basilla, koren ganye mashukinsa takobi, tsanya guntun mashuki, na fadama ba mashuki a waje. Layi huɗu, yaro ya riƙe ƙwaro a hannu ya bi su ya san wanda ya kama. Na san akwai ƙwarin da ke soka nasu cikin kara ko ganye ko jikin tsutsa ba ƙasa ba, ban ga ya ɓata ba, dasa abu ne inda zai tsiro.

Wani abu kuma da ya kamata in faɗa don kar in zalunci yayan yarinyar nan: bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda na ɗauka da fari. Ƙarin zuma da na rina asalinsa wagga gaɓa ce ta juye ta zama makami, shi ya sa matansu kaɗai ke harbi, namijin zuma ba shi da ƙari. Na kunama ne daban, ba ruwansa da ƙwai. Wanga zan faɗa mata ranar Litinin gaban aji, in ce ta gaya mashi.

Saura silili biyun nan na gefe masu jin iska, har yanzu ban samu abin da ya kwanta mani ba. Jela biyu wasu sunka ce, amma jela ba ta ji, wani yac ce majiya iska, ya yi tsawo ga allo kuma bai zauna a baki ba. In akwai wanda ya ji tsofaffi na kiransu da wani suna, ko a Gobir ko Kabi ko Zamfara, don Allah shi rubuto yadda ake faɗi can, kar a gyara shi zuwa Kananci. Macen da anka yanke ma mashuki tana nan da rai, tana cin ɓawon kankana da dussa, na raba ta da sauran don kar su cije ta.