Me ya sa a fina-finan bayan yaƙi talaka ne ke riƙon talaka?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum. Tambayata ga masu kallon tsofaffin fina-finai ita ce: me ya sa fina-finan Italiya da Japan na bayan 1945 suke yawan tsayawa kan marayu da mashaya da tsofaffin da ba su da kowa, kuma me ya sa mai tausaya musu kusan kullum shi ma ba shi da komai?

Malam na Aboabo, Kumasi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika tituna da irin waɗannan mutane, kuma masu shirya fim sun tarar da su a ƙofar gida. A Roma, ɗakunan shirya fim na Cinecittà sun koma sansanin 'yan gudun hijira, saboda haka daraktoci suka fita titi da kyamara, suka ɗauki mutanen da ba su taɓa yin wasan kwaikwayo ba. A haka Vittorio De Sica ya yi fim kan yara biyu masu goge takalma a 1946. A Japan kuwa, Shimizu Hiroshi ya sa marayun yaƙi na gaskiya a fim ɗinsa na 1948. Wanda ya fi burge ni shi ne na darakta Ozu Yasujiro na 1947, inda wata gwauruwa mai faɗa ta karɓi yaron da ya ɓace ba da son ranta ba, tana hantararsa, har ranar da ubansa ya zo ɗaukarsa ta gane ya riga ya zama ɗanta.

Hajiya ta Sabon Zango: Malam ya faɗi gaskiya. Mu mutanen zango ba baƙin wannan al'amari ba ne, domin a hannun maigida fatake da almajirai suke sauka, ya ba su ɗaki da tuwo ba tare da dangantakar jini ba, kuma sau da yawa shi kansa da baƙunta ya fara.

Baba na Maamobi: Hajiya, ban ƙi taki ba, amma ina da ja. Irin wannan tausayi yana sa mai kallo ya yi hawaye ya manta da wanda ya jefa mutanen cikin wannan hali. A nan Accra, sojojinmu da suka yi yaƙi har Burma sun dawo ba aiki, ba a cika musu alkawuran da aka yi ba, kuma ranar 28 ga Fabrairu 1948 aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a hanyarsu ta kai koke fadar gwamna a Osu. Haƙƙinsu suka je nema. Shi ya sa na fi ganin girman Ousmane Sembène, mai shirya fim ɗan Senegal, wanda a fim ɗinsa na 1988 ya nuna yadda Faransa ta kashe sojojin Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar a 1944 saboda sun nemi kuɗinsu.