Lambobi miliyan 90 sun daskarar min da kwamfuta

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna yana da sito na gyaɗa da wake a nan Maraɗi, ya ce in rubuta masa ɗan shirin kwamfuta da yaren Python wanda zai riƙa ba kowane rasit lamba mai alƙaluma 8, ya kuma duba ko lambar da aka shigar tana cikin iyaka. Na rubuta list(range(10000000, 100000000)). Ina kunnawa kwamfutata mai ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 4 ta tsaya cik, ko linzami ba ya motsi. Sau uku ke nan. Sai na ƙara ram ne? Wallahi kuɗin ba su hannuna, ga shi na riga na yi wa kawu alkawari.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sayi komai, cire kalmar list ɗin nan kawai. Ita ce ke tilasta wa Python ya ƙirƙiro lambobin ɗaya bayan ɗaya ya jibge su. Kowace lamba tana cin bayit 28, gurbinta a jerin kuma bayit 8. Ninka 36 da miliyan 90, ka haura giga 3, ga sauran shirye-shirye su ma suna neman wuri. Shi kuwa range abu uku kaɗai yake riƙewa: mafari, iyaka da tazara. Idan ka tambaye shi ko lamba tana ciki, lissafi yake yi nan take, ba ya bin su yana ƙirgawa.

'Yar Tibiri: Gaskiyar Malam, amma a Python 3 ke nan. A Python 2 range jeri yake ginawa, xrange ne mai tattali, kuma tun 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2. Sannan ka lura, abin da input() ke dawowa da shi rubutu ne. Ka fara juya shi zuwa lamba da int(), in ba haka ba range zai bi miliyan 90 ɗin yana gwadawa. Ni ma na taɓa ɓata yini guda a kan wannan, na yi ta zargin kwamfutata.

Ɗan Bagalam: Allah ya saka muku da alheri, ya yi aiki! To lambobin da aka riga aka bayar fa, yaya zan gane su?

Malamin Lissafi: Idan a jere kuke bayarwa, lamba ta ƙarshe kawai za ka adana a fayil, gobe ka ɗora daga nan. Idan a warwatse ne, zuba waɗanda aka bayar kaɗai a cikin set, wato ma'ajin Python da ba ya maimaita abu. Rasit nawa kawun naka yake yankewa a rana?