Kankanata ta yi girma amma lami, wane takin fotash zan sa?

Salam 'yan uwa manoma, dan Allah ina neman shawara. Bara na yi kankana, yaɗo ya rufe gona shar, 'ya'ya manya manya, amma da na fasa ɗaya sai na ga cikin fari-fari ga rami a tsakiya, ka kai baki lami kamar ka kurɓi ruwa. Wallahi abin ya min ciwo. Takin zamani NPK 15-15-15 na sa da farko sai takin yuriya sau biyu, ta biyun bayan ta fara 'ya'ya. Gonar rairayi ce. Yanzu an ce min fotash ne bai ishe ta ba, to na ga takinsa kala biyu, ɗaya ana ce masa MOP ɗaya SOP, wanne zan ɗauka kuma yaushe ake sawa?

Amsa: Wa alaikumussalam. Malam kafin ma a zo kan fotash, yuriyar nan ta biyu ita ta cuce ka. Kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, ganye take ginawa, in ka ba ta bayan 'ya'ya sun kama sai gona ta yi kyan kallo zaƙi ya gudu.

Amsa: Gaskiya ne. Aikin fotash shi ne kwaso sukarin da ganye ya haɗa ya kai shi cikin ɗan, shi ke sa ciki ya yi ja, ɓawo ya yi ƙwari ta jure ɗauka da ajiya. MOP fotash ɗinsa kashi 60 cikin 100 ne SOP kashi 50, sai mutum ya ɗauka MOP ya fi, amma kusan rabin MOP kuloraid ne, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kuma kankana ba ta son gishiri ya taru a saiwarta, balle in ruwan da kake ban ruwa da shi dama yana da ɗan gishiri. SOP ba shi da wannan matsalar ga sinadarin salfa kusan kashi 18 cikin 100 a ciki. Ni daga fure zuwa sama SOP nake sawa.

Amsa: Ni fa MOP ban ga laifinsa ba in dai kafin shuka ne, a cakuɗa da ƙasa ruwa ya bi ta kai. Kar dai a zuba shi a gindi tana ɗauke da 'ya'ya. Tunda rairayi ce ka raba biyu, in ka zuba gaba ɗaya ruwa zai wanke.

Mai tambaya: Na gode sosai. Na kuma lura tsofaffin ganye bakinsu ya yi rawaya sannan ya bushe kamar an babbaka, shi ma fotash ɗin ne?

Amsa: Alamarsa kenan ɗan uwa, daga tsohon ganye yake farawa. Amma kar ka ce za ka huce haushi ka labta da yawa, in ya wuce kima yana hana ta shan kalshiyam, sai ka ga ƙasan ɗan ya yi baƙi ya ruɓe. In saura kamar sati ka cire kankanar sai ka rage ban ruwa, kuma ka jira 'yar igiyar da ke kusa da ɗan ta bushe tukun, kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an tsinke ta.