Na sauya farantan kuloci, amma babur yana ja a tsaye kuma yana zamewa a guje

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan babur ɗina na gudu, mai silinda huɗu da inji cc 600. Shekara uku ke nan yana hannuna. Na saye shi daga abokin yayana, wanda ya jingine shi kusan shekara guda ba ya hawa, kuma tun ranar da na karɓe shi ni nake sauya masa baƙin mai, ban taɓa barin kowa ya buɗe injinsa ba, domin na ga yadda gyara ya lalata na yayana har ya sayar da shi ba da son ransa ba. Da ya kai kilomita 48,000 sai kuloci ya fara zamewa, saboda haka na sayi sababbin faranti da sabuwar waya na ɗaura da kaina. Da na gama, giya ta ɗaya tana shiga da ƙara, babur yana ja gaba ko da na matse hannun kuloci har ƙarshe, firi kuma ba ya samuwa sai na kashe inji. Na ɗaure waya, wannan ya ragu. To yanzu idan inji ya yi zafi na murɗa totur a giya ta biyar ko ta shida, ƙara tana tashi amma gudu ba ya ƙaruwa. Kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba, ina tsoron na ƙona sababbin farantan.

Tsohon mahayi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba sai ka faɗa ba, man mota ka zuba. Kulocin irin wannan babur a cikin mai yake wanka, man mota kuwa akan sa masa sinadaran rage gogayya, waɗanda suke amfanar injin mota amma suke hana faranti kama juna. Saboda wannan matsalar ne Japan ta fitar da ma'aunin JASO na man babur a 1998, kuma duk galan ɗin da ba ka ga MA ko MA2 a jikinsa ba, kada ya kusanci injinka. Ka juye man, ka sauya filta, magana ta ƙare.

Mai tambaya:
Na gode yaya, amma man da nake zubawa shekara uku shi na zuba, kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

Tsohon mahayi:
Bai ba ka matsala ba, amma kuloci ya mutu a hannunka? Ka duba galan ɗin ka faɗa mana abin da aka rubuta.

Ɗaya daga cikin masu gyara:
Malam, kafin a kai ga mai, ka gaya mana wasan da ka bari a hannun kuloci. Dole ne hannun ya yi tafiya kaɗan a banza kafin waya ta fara ja: yawancin littattafan babura suna cewa milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun, wasu kuma suna auna milimita 2 zuwa 3 a tsagar da ke gindinsa. Idan ka ɗaure har wasan ya ƙare, waya tana ɗage farantin matsi kullum, sifirin ba ya samun danna faranti da dukkan ƙarfinsa, kuma wannan shi ne zamewar da kake ji. Ka saita bayan inji ya huce, ka fara da notin ƙasa na gefen inji, ka ƙarasa da na sama, sannan ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka tabbatar wasan bai canza ba.

Mai tambaya:
Na san da batun wasa, maigida. Amma idan na sake waya, jan nan yana dawowa, kuma ba zan iya tsayawa a danja da babur yana neman ƙwacewa ba. Shi ya sa na ɗaure.

Wani mamba:
Ni ma abin da ya same ni ke nan bara. Na kai nawa gyaran kuloci, mai gyaran ya yaga gaskit ya shafe wurin da gam bai faɗa mini ba, bayan mako biyu mai ya jiƙa mini takalmi. Da na koma sai ya ce tun da haka na kawo shi. Har yau ba mu magana, kuma ina goyon bayanka da ka yi da hannunka.

Ɗaya daga cikin masu gyara:
Abin da ka faɗa yanzu shi ne bakin zaren. Kulocin da yake ja da wasa daidai, yake zamewa idan aka cire wasan, ciwonsa yana ciki, waya ba za ta warkar da shi ba. Wane faranti ka sauya, masu fata kaɗai ko har da na ƙarfe? Na ƙarfen da ya sha zafi yakan yi shuɗi ya lanƙwashe, kuma ana gane shi ne idan aka kwantar da shi a kan gilashi aka zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. Ka shafa yatsun kwandon kuloci da farcenka. Idan haƙoran tsofaffin faranti sun ci rami a jikinsu, sababbin suna maƙalewa a ramukan ba sa rabuwa. Ka auna tsawon sifirin ka kwatanta da iyakar da littafin ya bayar. Sannan a babura da yawa akwai faranti ɗaya da ya fita daban, mai faɗin rami a tsakiya, wanda yake zama tare da wani siririn zobe, kuma idan ya bar gurbinsa komai ya rikice. Ka jiƙa su a mai kafin ka ɗaura?

Mai tambaya:
Masu fata kaɗai na sauya. Na ƙarfen sun yi ɗan duhu amma a idona a miƙe suke, sifirin kuma da na danna da hannu suna da ƙarfi. Na shafa musu mai, ban jiƙa ba. Na jera su yadda na fitar da su, sai dai ban ɗauki hoto ba.

Tsohon mahayi:
Kada ka bari a sa ka buɗe inji sau biyu a banza. Na yi fiye da shekara ashirin ina hawa, irin wannan kuma na gan shi ba adadi. Sabon faranti yakan ɗan ja har sai ya zauna. Mai ne, kuma har yanzu ba ka faɗi abin da ke jikin galan ɗin ba.

Wata mamba:
Ɗan'uwa, tun farko ba ka faɗi kamfani da shekarar babur ɗin ba. Wasu samfuran Suzuki suna da wani sukuru na saita sandar turi a wajen murfin ƙaramar giyar sarƙa, ana murɗa shi har ya taɓa sannan a mayar da shi baya kwatan zagaye, kuma idan naka irinsu ne, can ya kamata ka fara kafin waya.

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Galan ɗin na riga na jefar. Ba ni da wani gaskit a hannu, saboda haka ba zan buɗe a makon nan ba. Zan sake waya kaɗan, rabin abin da maigida ya ce, in hau gobe in ji.

Ɗaya daga cikin masu gyara:
Rabin wasa ba zai hana zamewa ba idan inji ya yi zafi, Malam. Idan har za ka hau, kada ka buɗe totur a babbar giya. Wane samfuri ne?